Tambaya da Amsa: "Decline" ko "Refuse"?

Tambaya: Malam, an gayyace ni taro amma ba zan samu zuwa ba. In rubuta "I refuse" ko "I decline"? Na kuma ga "decline" a rahoton farashi, sai na rikice.

Amsa: Malama, rubuta "decline". Dukansu ƙi ne, amma "decline" ƙi ne cikin ladabi, irin na mai ba da haƙuri: "I must decline your invitation." Shi kuwa "refuse" akwai kafewa a cikinsa, kamar a ce mutum ya ƙi ƙememe. Idan kika sa shi a amsar gayyata, wanda ya gayyace ki zai zaci ranki a ɓace yake.

Wajen gina jimla, dukansu suna karɓar "to": "He declined to comment", wato ya ƙi cewa uffan. Amma "refuse" kaɗai ke ɗaukar mutum da abin da aka hana shi a jere: "They refused him entry." Kada ki sa "declined" a nan.

Na rahoton farashin ma'ana ce daban: raguwa, galibi sannu a hankali. Kalmar daga Latin ta samo asali, da ma'anar karkacewa. Ki duba mai aikin: in farashi ne, ko lafiya, ko yawan jama'a, to raguwa ake nufi.

Sai "deny", inda ɗalibai da dama ke tuntuɓe. Musanta zargi ne, don haka "He denied to come" kuskure ne. "He refused to come" ake cewa.