An ce fanel ɗin oben ɗina ya ƙone: in biya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar kek da cincin a gida, a Unguwar Rimi. Oben ɗina na lantarki ne, irin mai allon lambobi. Ranar Talata ina tsakiyar gashi aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita allon ya kama, lambobi suna ƙyaftawa, amma zafi ko kaɗan babu. Mai gyara ya zo, ko bayansa bai kwance ba, ya ce fanel ne, wato allon lantarkin da ke ciki mai sarrafa oben ɗin, kuɗin da ya yanka mini kuma ya kusa rabin na sabo. Ga aikin biki na karɓa. In biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Riƙe kuɗinki tukuna. "Fanel ne" ta zama wa wasu masu gyara abin da "taifot da maleriya ne" ta zama wa wasu masu kemis: magana ce da ake yanke ta kafin a duba mara lafiya. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, amma wanda bai ɗora mitar gwajin wuta a kan komai ba, cinta ya yi.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ƙyaftawar da kika ce lambobin suna yi ita ta fi jan hankalina. Da yawa daga irin wannan oben, musamman ƙirar Turai, idan wuta ta yanke agogonsu yakan goge, kuma ba za su yarda su yi zafi ba sai an sake saita lokaci. A can da wuta ke shekara ba ta motsa ba, wannan ba komai ba ne. A Kaduna kuwa kullum sai an yi. Ki saita agogon, ko da ba daidai ba, ki tabbata ba a kan gashi mai ƙidayar lokaci yake ba, ki duba ko alamar makulli ta fito, wato an kulle maɓallan saboda yara. In bai tashi ba, ki kashe shi daga makunnin bango minti 5, ki sake kunnawa. Iyakar naki ke nan. Kwance baya aikin mai gyara ne, shi ma sai an yanke wutar gaba ɗaya, domin bolt 230 ba ta san gwani ba.

Fanel ɗin nan ba shi ke yin zafi ba, umarni kawai yake bayarwa. Akwai wani siririn ƙarfe kamar tsinke a cikin oben, sensa, shi ke gaya masa yadda zafi ya kai. Shi kuma sai ya sa wasu ƙananan makunnai da ke jikinsa, masu gyara na ce musu rile, su sakar wa elemen, wato ƙarfen da ke yin zafin, wuta ko su yanke. To kin ga in elemen ya tsinke, ko sensa ya yi ƙarya, ko fis ɗin da ke katsewa idan zafi ya wuce kima ya katse, oben zai yi sanyi ƙalau alhali fanel lafiyarsa lau. Kuma kowanne cikin ukun nan bai kama ƙafar fanel a tsada ba.

Don haka ki ce ya dawo da mita, ki tsaya a kansa. Elemen mai wat 2000 ya kamata ya nuna om 26 ko kusa da haka. In mita ta yi shiru, ya tsinke, sau da yawa ma za ki ga inda ya kumbura ko ya tsage. Fis ɗin zafi ko dai wuta na ratsa shi ko ba ta ratsawa, babu tsaka-tsaki. Sensa kuma, a yawancin ƙirar Amurka, yakan nuna wajen om 1080 idan oben ya huce. Wasu kamfanonin nasu daban ne, sai a duba takardar na'urar. Ya kuma bi wayoyi da ido. Ɓera yana son ɗumin bayan oben, kyankyaso kuwa cikin fanel ɗin kansa yake tarewa.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a tuhumi fanel. Ki kasa kunne idan an kunna: lafiyayyen rile yana yin ƙas. In bai yi ba, ko ya yi amma wuta ba ta isa elemen ba, to an kama ɓarawo. Haka in allon ya mutu ɗif alhali wuta na shiga, ko ana jin ƙaurin roba. Akwai alama guda da ba a wasa da ita: oben ya riƙa zafi ba tsayawa, ko bayan an kashe shi. Galibi rile ne ya manne. Wannan a yanke masa wuta daga bango nan take, kada a ce bari a ƙarasa wannan tiren.

Ko an tabbatar fanel ne, ba lallai a sayi sabo ba. Abin da ya fi lalacewa a jikinsa ƙanana ne: rile, kafasita da ta kumbura, dalmar da ta tsage a ƙafar rile saboda zafi da sanyi, ko ɗan abin nan mai kama da kwabo da ke shanye wuta idan ta zo da ƙarfi. Mai gyaran talabijin ko inbata da hannunsa ya faɗa da dalma zai iya canza su, sau da yawa ma ya fi mai gyaran oben iya wannan. Inda ba a wahalar da kai shi ne in fanel ɗin ya ƙone ya zama gawayi, ko ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da umarnin ta mutu. Nan sai saye. A saya da lambar da ke rubuce a jikin tsohon, kada a bi kama, don biyu kan yi kama kamar tagwaye amma ba sa aiki ɗaya. Ki yi sharaɗin in an ɗaura bai yi ba za a mayar, kuma a ba ki tsohon a hannu. Aikin bikin kuma, ki roƙi wata abokiyar sana'a aron oben, kada gaggawa ta yi miki ciniki.

Tambaya: Malam, na ga wani babban oben na hannu, ɗan Amurka, a Panteka, da araha sosai. Allonsa ba ya kamawa, mai shi ya ce gyara kaɗan ne. Ina so in saya wa uwargida. Daga Kawo.

Amsa: Alhaji, in gyaran kaɗan ne, me ya hana shi gyarawa ya ƙara kuɗi? Ban da wannan ma, manyan oben na Amurka an ƙera su ne a kan wutar can: elemen na shan bolt 240, amma fanel da fitila a yawancinsu 120 suke so. Duk wanda ya jona shi kai tsaye a wutarmu yana iya aika fanel lahira, kuma ina zargin abin da ya sami wannan ke nan. Ka duba ƙaramin allon bayanai da ke jikin ƙofa ko baya. In ka ga 120/240, ka wuce. Na hannu ɗan Ingila ko Jamus ya fi dacewa da mu, shi ma a kunna maka ya yi zafi a gabanka kafin ka zaro kuɗi.

Tambaya: Ni sabo zan saya. Mai allon lambobi ko mai murɗawa? Daga wata amarya a Barnawa.

Amsa: Allah Ya sanya alheri, amarya. Ni dai mai murɗawa zan ce, don babu fanel balle ya ƙone, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. In ranki ya biya wa mai allo, ki haɗa da abin kariya mai jinkirta wuta idan an kawo ta, irin mai ƙarfi da ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki, a ja masa layinsa shi kaɗai da waya mai kauri. Ki riƙa kashe shi a bango da zarar an ɗauke wuta ko hadari ya taso. Ƙaramin janareta kuma kada ki gwada, oben na jan wat 2000 zuwa 3000, ba zai iya ɗauka ba.