Tambaya da Amsa: Shekara biyu da buɗe shafi a LinkedIn, babu wanda ya neme ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Na kammala digiri a fannin ƙididdiga a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na yi bautar ƙasa a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma, inda aka ɗora mini aikin shigar da alƙaluman rigakafin yara a kwamfuta. Abokai suka ba ni shawarar in buɗe shafi a LinkedIn, wai a can ne manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ke neman ma'aikata. Na buɗe, na sa hoto, na rubuta da Turanci a ƙarƙashin sunana cewa ni mai digiri ne da ke neman aiki kowane iri, amma ga shi an kusa shekara biyu ko mutum ɗaya bai tuntuɓe ni ba. Shin a can ma sai mai uwa a gindin murhu, ko kuwa akwai abin da ban yi daidai ba? Na haɗo maka adireshin shafin domin ka duba. Daga mai karatunku a unguwar Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Na duba shafin naka, kuma ba zan musanta cewa sanayya tana aiki wajen ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan ba, sai dai matsalarka ta zo tun kafin a kai ga batun sanayya, domin a yadda shafin yake yanzu, ko jami'in da ke neman irinka ruwa a jallo ba zai iya gano ka ba.

An ƙaddamar da LinkedIn a Amurka a watan Mayu na 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka haura biliyan ɗaya. Babu jami'in da zai zauna yana buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya a cikin wannan taro. Kamfanoni suna biyan kuɗi su yi amfani da wata manhaja ta musamman mai suna LinkedIn Recruiter, inda jami'i zai rubuta sunan muƙamin da yake son cikewa, da garin da yake so, da ƙwarewar da ake buƙata, sai na'ura ta jero masa mutanen da waɗannan kalmomi suka bayyana a shafukansu. Ka gwada da wayarka: idan ka adana lambar mai walda da sunan "Oga" kawai, ranar da ƙofar gidanku ta ɓalle ka rubuta "walda" a wurin bincike, lambar ba za ta fito ba, alhali tana nan cikin wayar. Haka shafinka yake a hannun masu ɗaukar ma'aikata.

Layin da ke ƙarƙashin suna shi ne wuri mafi daraja a shafin, domin yana bin sunanka duk inda ya bayyana, kuma an ba ka damar rubuta haruffa har 220 a ciki. Kai kuma ka ɓatar da shi wajen shelanta cewa ba ka da aiki kuma kowane iri aka ba ka za ka yi. Babu jami'in da ke rubuta "mai neman kowane irin aiki" a wurin bincike. Abin da zai rubuta shi ne "Data Officer" ko "Monitoring and Evaluation", ya ƙara da "Excel", ya zaɓi Sokoto, kuma da Turanci zai rubuta, shi ya sa dole waɗannan kalmomi su zo da Turanci a shafinka. Hanyar samo su ba ta da wuya. Ka tattara tallace-tallace biyar ko shida na irin aikin da kake so, ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke maimaituwa a cikinsu, sa'an nan ka ware waɗanda ka iya da gaske ka sa su a wannan layi da kuma sashen ƙwarewa. Na ce waɗanda ka iya da gaske, domin idan ka rubuta KoboToolbox, wato manhajar tattara bayanai, alhali ba ka taɓa buɗe shi ba, tambaya ta biyu a wurin ganawa za ta tona maka asiri. Idan ka ga yana yawan fitowa a tallace-tallacen, ka zauna ka koye shi tukuna, tunda ana iya buɗe asusu a cikinsa kyauta.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne sashen ayyukan da ka yi. Shekara guda ka shafe a sashen lafiya, amma abin da ka rubuta game da ita kalma ɗaya ce tak, wato "Corper". Na san daga inda wannan ya samo asali. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaron kirki ba ya buɗe baki ya lissafa abin da ya yi a gaban manya, har ma akan ji nauyin mutum ya ce "ni na yi" sai dai ya ce "an yi". Tarbiyya ce mai kyau a zaure da wurin taro, amma jami'in da ke zaune a Abuja ko Legas bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, kuma babu wanda zai tsaya a gefensa ya ba da shaidarka. Abin mamaki kuma, a sashen gabatar da kai ka rubuta cewa kai mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai haƙuri da jama'a. To ai wannan shi ne ainihin yabon kan, domin hali ne ka ba kanka wanda ba wanda zai iya tantancewa daga nesa, kuma dubban mutane sun rubuta irinsa. Faɗin aikin da hannunka ya yi kuwa ba da labari ne kawai. Malamai ma sukan kafa hujja da yadda Annabi Yusuf, alaihis salam, ya bayyana cancantarsa ga sarkin Masar a lokacin da ake buƙatar mai kula da taskokin ƙasa.

Saboda haka ka koma ka tuna aikin dalla-dalla. Cibiyoyin lafiya nawa ne ke kawo maka rahoto a ƙarshen wata? Idan 12 ne, ka rubuta 12. Da wace manhaja kake shigar da alƙaluman? Wa kake miƙa wa rahoton? Ka taɓa gano cewa wata cibiya tana ƙirga yaro ɗaya sau biyu har ka gyara? Ka taɓa koya wa wani ma'aikaci yadda ake cike fom? Jimloli uku ko huɗu masu irin wannan bayani, kowace ta fara da aikatau, sun fi shafi guda na kirari. Haka za ka yi wa watannin da ka yi na koyon aiki na SIWES, da aikin wucin gadi na zaɓe idan ka taɓa yi, da koyar da lissafi a makarantar unguwa, har da riƙe littafin shagon yayanka idan kai ke riƙewa, domin lissafin shiga da fita aiki ne ko da a shagon gida aka yi shi.

Akwai wata dukiya da 'yan Sakkwato ke mantawa da ita, ita ce harshe. Ka bar sashen harsuna fayau, alhali asusun UNICEF yana da ofis a garin nan, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da asibitin cutar noma mai cin baki da fuskar yara, kuma duk ƙungiyar da za ta shiga ƙauyukan Sakkwato da Kabi da Zamfara tana buƙatar wanda zai zauna da uwa ya yi mata tambaya da harshen da take ji. Ka rubuta Hausa a matsayin harshen uwa, ka ƙara da Fulatanci ko Zabarmanci idan kana ji, kuma wanda ya iya Faransanci kada ya kuskura ya ɓoye, tunda daga Illela zuwa Birnin Ƙonni da ke Nijar taku kaɗan ne. Wurin zama kuma ka sa Sokoto, kada ka tsaya a Najeriya kawai. Sa'an nan ka kunna alamar "Open to Work" mai nuna cewa kana neman aiki, ka zaɓi muƙaman da kake so da garuruwan da za ka iya komawa, kamar Birnin Kebbi da Gusau da Kano da Abuja.

Hoton naka daga na biki aka yanko shi, har ga kafaɗar wani da hannun babbar rigarsa a gefe. Ba sai ka nemo kwat ba, kaftani da hula sun wadatar. Ka tsaya gaban bango marar ado da hantsi kafin rana ta yi zafi, wani ya ɗauke ka daga ƙirji zuwa sama. Sunanka ya zama yadda yake a takardunka na makaranta, ka cire laƙabin da abokai ke kiran ka da shi.

Mutanen da kake haɗe da su ba su kai talatin ba, kuma wannan yana rage yawan idanun da ke kaiwa gare ka. Ka fara da waɗanda suka san ka: abokan karatu, malaman sashenku, da jami'in da ya kula da kai lokacin bautar ƙasa, wanda ya kamata ka kira shi a waya ka gaishe shi, ka roƙe shi ya rubuta maka shaida ta layi uku a shafin. Idan za ka tura saƙo ga jami'in da ba ka sani ba, kada ka rubuta gaisuwa kawai ka zauna jiran amsa, kada kuma ka buɗe da roƙon a taimake ka. Ka faɗi ko kai wane ne, da tallan da ka gani, da abin da ya sa kake ganin ka dace, duka a saƙo ɗaya gajere. Muhawarar siyasa kuwa a bar ta a Facebook. Ban yi maka alkawarin cewa wannan gyara zai kawo aiki a mako mai zuwa ba, kuma aikin gwamnatin jiha da na yawancin 'yan kasuwar garin nan ba ta LinkedIn ake samun su ba, don haka kada ka daina aika takardun neman aiki ta sauran hanyoyi. Allah Ya sa a dace.

TAMBAYA: Malam, ni akanta ce a wani kamfani mai zaman kansa, ina son canza wurin aiki amma ba na son maigidana na ofis ya sani tun yanzu. Kuma ba na sha'awar hotona ya riƙa yawo a intanet. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Arkilla.

AMSA: Malama, duka biyun suna da mafita. Alamar "Open to Work" iri biyu ce: akwai wadda ke zagaye hoto da koren zobe kowa ya gani, akwai kuma wadda masu amfani da manhajar ɗaukar ma'aikata kaɗai ke gani, ita za ki zaɓa. LinkedIn yana ƙoƙarin ɓoye ta daga jami'an kamfanin da kike ciki, amma shi da kansa ya ce ba ya ba da cikakken tabbaci, saboda haka ki sa wannan a lissafi. Kafin ki fara gyara, ki kashe maɓallin da ke sanar da abokan hulɗa duk sauyin da aka yi a shafi. Game da hoto, a cikin saituna za ki iya taƙaita masu ganinsa ga waɗanda kika amince da haɗuwa da su kaɗai, kuma hoto da hijabi ba ya rage wa shafi komai. Idan kika zaɓi ƙin sa hoton gaba ɗaya, to sauran shafin ya cika sosai don kada a ɗauka na bogi ne, ki kuma bayyana matakin da kika kai a jarrabawar ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, domin waɗannan haruffa suna cikin abin da mai neman akanta ke fara rubutawa.

TAMBAYA: Wani ya turo mini saƙo a LinkedIn cewa an zaɓe ni aiki a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, amma sai na biya kuɗin fom da na horo. In biya? Daga Gawon Nama.

AMSA: Kada ka biya ko kwabo, ɗan'uwa, damfara ce. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna rubutawa ƙarara a tallace-tallacensu cewa ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, kuma ƙungiyar kirki ba ta zaɓen mutumin da ba ta gana da shi ba. Ka shiga shafin intanet na ƙungiyar da kanka ka duba ko gurbin yana nan, ka lura ko imel ɗin mai saƙon na ƙungiyar ne ko na Gmail, kada ka ba shi lambar BVN ko NIN, sa'an nan ka danna wurin kai ƙara da ke jikin saƙon ka toshe shi.