Eka 5 a Kolorado da kuɗin tsohuwar mota: in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata tara ina tuƙin babbar mota a Amurka, iyalina suna birnin Denba. Na gaji da zaman haya, ina so in koma karkara in yi gida, in yi lambu, in kiwata awaki da kaji kamar yadda na taso a Gumel. Na ga ana tallar fili eka 5 a gundumar Kostila da ke kudancin jihar Kolorado, kuɗinsa bai kai na tsohuwar mota ba. Ta yaya zan gane ko wurin zai zaunu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, araha ba ta ado. A yammacin Amurka ruwa ake saya, ƙasar gyara ce, don haka kafin ka tambayi faɗin fili, tambayi wane ruwa doka ta yarda ka taɓa a cikinsa.

A gida mun saba wanda ya mallaki gona ya haƙa rijiyarsa, ba mai ce masa kanzil. Kolorado ba haka take ba. Dokarsu ta ce wanda ya riga fara amfani da ruwa shi ke da haƙƙi, kuma a kwarin San Luwis, inda Kostila take, akwai haƙƙoƙin da suka faro tun shekarun 1850. Ba ka haƙa rijiyar burtsatse sai da izinin hukumar ruwa ta jiha, kuma a nan girman fili yake aiki. Filin da bai kai eka 35 ba, galibi izinin da ake ba shi na amfanin cikin gida ne kawai: sha, girki, wanka, wanki. Ba ban ruwan lambu, ba shayar da dabba. Sai fili ya kai eka 35 ake samun izinin da ya haɗa da shayar da dabbobi da ban ruwan eka ɗaya. Ka ga ke nan eka 5 ɗin nan, awakin da lambun da suka sa ka tashi su ne doka za ta fara hana ka. Ko ruwan indararo, sai a 2016 aka halatta wa magidanta tara shi, shi ma duro biyu, galan 110 gaba ɗaya.

Ruwan saman ma ina yake? Abin da kwarin ke samu a shekara bai cika kai milimita 200 ba, bai kai sulusin na Kano ba. Ga tudu, wajen mita 2,300 sama da teku. Kwanakin da ƙanƙara ba ta kashe shuka wajen wata uku ne, sanyin hunturu kuma yakan sauka ƙasa da sifiri da maki 30 a ma'aunin Selshiyas. Dankalin turawa da sha'ir da ka ji ana nomawa a can, manoma masu tsohon haƙƙin ruwa ne ke yi. Kuɓewa da dawa kam ka cire rai.

Bayan ruwa, kira ofishin tsara filaye na gundumar da bakinka, kada ka tsaya ga maganar dillali. A Amurka gunduma ce ke yanke abin da za a gina a karkara, kuma maƙwabtan gundumomi biyu kan sha bamban. Tambaye su ko ana barin mutum ya zauna a motar kwana, wato mota mai ɗaki a ciki, yayin da yake gini, da irin sokawen da suke buƙata, da dabbobin da aka yarda a ajiye. Sokawe da rijiya da sola, in aka haɗa, sukan ninka kuɗin irin wannan fili sau da yawa. A duba takarda kuma: akwai hanya ta doka zuwa filin, ko sai ka ratsa na wani? Wa ke share ƙanƙara a kanta? Akwai bashin haraji? Ma'adinan ƙarƙashin ƙasa naka ne, ko an sayar wa wani tuntuni? Taswirar ƙasar noma ta ma'aikatar gona, da ta ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, duk kyauta ne a intanet.

Ka kuma tuna kai matafiyi ne. In kana hanya, uwargida ce da yara a daji, asibitin Alamosa da nisa, Denba kuma tafiyar wajen awa huɗu ce. Juma'a, islamiyyar yara, naman halal, duk a lissafa.

Da ni ne, tunda kiwo da lambu ne buri, sai in waiwayi inda ruwan sama ya wuce milimita 1,000, kamar kudancin jihar Misuri, duk da ƙasar can tana da duwatsu. In kuwa zuciyarka na Kostila, kada ka biya ko dala ɗaya sai ka je ka kwana biyu a can cikin watan Janairu, kai da uwargida.