Tambayi Injiniya: Robata ta tsattsage a sito, an cuce ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da shagon kayan injina a Ƙofar Ruwa, Kano. Bara waccan na saro bandir shida na baƙar roba mai faɗi, mai kaurin milimita 3, irin wadda ake yanka gaskit da ita, wato robar da ake sawa a mahaɗa don hana yoyo. Huɗu sun tafi. Ɗaya na ɗora shi a saman kanta, daf da kwano. Ɗayan da aka taɓa yanka, na ninke ragowarsa na ɗora akwatin noti a kai. Makon jiya mai saye ya zo, muna buɗewa muka ga duk ta tsattsage, tana karyewa a wurin ninkin. Maƙwabcina mai walda ya ce tsohuwar roba aka kakaba mini. An cuce ni ne? *Mai karatu daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Amma ajiye wayar tukuna, kada ka kira wanda ya sayar maka. Yana yiwuwa kayan sun daɗe a hannunsa, ban rantse masa ba. Sai dai wasiƙarka da kanta ta kawo masu laifi uku, kuma ɗayansu shi ne ya ba ka wannan fatawa.

Mu fara da kwano. Mu 'yan kasuwa da makanikai mun ɗauki roba tamkar ƙarfe, abin da za a jefa a lungu a manta. Alhali tun ranar da ta fito daga masana'anta take tsufa, iskar da muke shaƙa tana cin ta a hankali, zafi kuma yana ƙara wa cin sauri. Akwai ƙa'idar ajiyar roba ta duniya, ISO 2230, wadda ta ce a ajiye ta ƙasa da digiri 25. A wannan yanayin, robar itace da ta haɗi mai suna SBR suna da shekara 5 kafin a sake duba lafiyarsu, robar naitiril da ta niyofirin shekara 7, ta EPDM da ta silikon shekara 10. Ƙa'idar ta ƙara da cewa in zafin wurin ya haura da digiri 10, wa'adin yana raguwa da kusan rabi. To lissafa da kanka. Baƙar roba mai araha da ta cika kasuwa yawanci SBR ce ko gaurayenta da ta itace. A digiri 35 shekara biyar ta koma biyu da rabi. A 45 ta koma shekara ɗaya da wata uku. Kano a watan Afrilu tana haura 40 a inuwa, balle taku ɗaya ƙasan kwano da rana tsaka. Ba duk shekara ake wannan zafin ba, na sani, amma bazara biyu ka ba ta a can sama.

Na biyu shi ne ninki, kuma ba ya aiki shi kaɗai, sai da na uku. Akwai wata iska da ake kira ozon. Ita ce wannan wari mai kaifi da kake ji kusa da injin fotokwafi ko wurin walda. Tartsatsin wutar lantarki ne ke haifar da ita: walda, injin lantarki mai burushi, wayar da ke tartsatsi. Ozon ba ta cika yi wa robar da ke kwance lafiya lau illa ba. Wadda take so ita ce robar da aka ja ko aka lanƙwasa, domin bayan ninki a miƙe yake kamar fatar ganga. Nan take sara, tsaga bayan tsaga. Ɗauko robar taka ka duba: in tsagun sun jeru tare da layin ninkin, ƙanana ƙanana kamar faso a dunduniya lokacin hunturu, cikin ninkin kuma lafiya ƙalau, to aikin ozon ne. Maƙwabcinka ba ƙarya ya yi maka da gangan ba, gwano ne kawai ba ya jin warin jikinsa.

Na yi shekaru a sashen gyara na wata masaƙa a Kaduna, kuma abin da na sani game da ajiyar roba ba a aji na koya ba, a wurin wani dattijo mai kula da sito na koya. Duk bandir ɗin da ya shigo sai ya rubuta masa wata da shekara da alli a baki. Ba ya ba ka sabo matuƙar akwai tsoho. In ka zo karɓa, sai ya kama kusurwa ya naɗe ta a yatsansa, ya ɗaga wajen taga, ya ƙura ido. Sannan ya danna farce ya saki, ya ga ko wurin zai dawo. Muna samari muna ganin ɓata lokaci ne. Wata rana ya mayar da bandir guda sabo fil a leda, ya ce ya mutu. Da muka lanƙwasa, ƙas, kamar ƙuli-ƙuli.

Ga yadda za ka yi da kayan gaba. Bar roba a naɗe kamar yadda ta zo, da bututun kwali a tsakiya, kada ka taɓa ninke ta, ko ragowa ce ka naɗe ta sako-sako. Sauko da ita ƙasa, ɓangaren shago mafi sanyi, a kan katako, ba a kan siminti ba saboda damshin damina, kuma nesa da bangon da kuka haɗa da mai walda. Kada ka tara bandir da yawa kan juna, na ƙasa zai baje ya ƙi komawa. Rufe ta da baƙar leda ko takardar da ta zo da ita, rana da iska su daina kai mata. Tamfol na roba mai sheƙi ba na son sa, man da ke jikinsa yakan ratsa cikin roba. Janareta da jarkokin mai su koma waje. Jan ƙarfe ma, irin na wayar wuta, kada ya zauna a jikinta, yana hanzarta lalacewar robar itace.

Wani abu kuma: in ka ga fari-fari a jikin sabuwar roba kamar an barbaɗa gari, kada yaran shago su goge shi da fetur. Sau da yawa kaki ne da aka zuba mata da gangan, yana tsattsafowa ya zama garkuwa daga ozon. In datti ne, ruwa da sabulu sun isa, a shanya a inuwa.

Wadda ta tsage kuwa ba ta da magani. Shafa mata mai ko birki-oyil sheƙi kawai zai sa ta yi. Sayar da ita a matsayin shimfiɗar teburin aiki ko ta ƙasan mota, ka faɗa wa mai saye gaskiya. Kada a yanka gaskit da ita, kuma don Allah kada a shimfiɗa ta gaban akwatin wuta da sunan kariya. Ta wannan aikin tabarma ce ta daban, mai hatimi da lambar ƙarfin wutar da take ɗauka.

Tambaya: Baba Injiniya, ina da injin niƙa. Na yanka tsohon tiyub na mota na yi wa murfin tankin man gas gaskit, bayan kwanaki ya kumbura yana yoyo. Me ya jawo? *Wani matashi daga Maraɗi*

Amsa: Ɗana, ka yi abin da na taɓa yi. Ina sabon shiga aiki na yanko baƙar roba daga wata ragowa na sa a bututun man gas, ban tambayi kowa ba. Ba a rufa mako biyu ba ta fito ta gefen noti, luguf kamar burodi a shayi. Baƙi ba iri ba ne, launin baƙin garin kabon da ake zuba wa kusan kowace roba ne. Tiyub, da robar itace, da SBR, da EPDM duk suna shan mai su kumbura. Ta mai ita ce naitiril, a takarda ana rubuta ta NBR. Ita kuma ba ta jure rana, don haka in aikin waje ne ko ruwan zafi, kuma babu mai a ciki, EPDM za ka nema.

Mai shago zai ce maka tasa tana yin komai. Karɓi ɗan yanki kamar tsawon yatsa, ka raba biyu. Jefa ɗaya a kwalbar man gas ka rufe, ɗayan ka ajiye a aljihu. Bayan kwana uku ka ciro ka jera su. In na kwalba ya fi ɗan'uwansa girma da laushi, mayar masa da kayansa.