Saƙon "gaggawa" da tsakar dare: yaushe ya wajaba in tashi?

Tambaya: Malam, ina aikin rubuta manhaja a wani kamfani. Kusan kullum da daddare shugaban sashenmu sai ya turo saƙo a Slack, manhajar da muke aika saƙonnin aiki da ita, wai aikin gaggawa ne. Iyalina sun fara ƙorafi, ni kuma ina tsoron in yi shiru a ce ba ni da himma. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, gaggawa ta haƙiƙa a wannan sana'a tana da kamanni sanannu: saba, wato babbar kwamfutar da manhajarku ke aiki a kanta, ta faɗi kwastomomi sun kasa shiga, ko kuɗin jama'a na salwanta, ko an yi kutse ana kwashe bayanai. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mai lahani daga CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaron kwamfuta, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows, jirage suka kasa tashi, ayyukan asibitoci suka tsaya. Injiniyan da aka tasa daga barci a wannan rana ba a zalunce shi ba. Amma sauya launin maɓalli, ko gyaran da manaja yake so ya nuna a taron gobe don bai shirya da wuri ba, duk suna iya kwana.

Idan saƙo ya shigo, ka yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, me zai lalace idan ya kai safiya?" In akwai ɓarna, zai faɗe ta nan take. In babu, za ka ji ana cewa "kawai dai ana so a gama". Sau da yawa ma shugaban ya tura ne don kada ya manta, kai kuma tsoro ya sa ka ɗauka umarni ne. Kuma duk daren da ka amsa cikin minti biyu, ka koya masa cewa ƙofarka ba ta rufuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarka. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana da alaƙa da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Kamfanin ma asara yake yi, domin abin da aka rubuta da idon barci shi ke haifar da kurakuran da za a kwana gyarawa a mako mai zuwa. Sauri ya haifi nawa.

Da rana, lokacin da hankali yake kwance, ka zauna da shugaban naka. Ka nemi a rubuta matakan tsananin matsala, a fayyace wanda ya kai a tashi mutum. Ka nemi a tsara jiran ko-ta-kwana bi da bi, mai aikin makon ya san kansa, a biya shi ko a ba shi hutu a madadi, sauran kuwa su kashe sanarwar wayarsu. Wannan ba tsaurin ido ba ne. Faransa ta sa 'yancin katse sadarwa bayan tashi daga aiki cikin dokarta tun 2017, Ostireliya ta yi tata a 2024. Kai ma ka duba takardar ɗaukarka aiki da dokar ƙwadagon ƙasarka.

In an yi wannan zama, wata biyu ko uku suka wuce komai yana nan "gaggawa", to matsalar tsarin gidan ce, kuma himmarka ba za ta gyara ta ba. Ka fara neman wani wurin tun kana da aikin a hannu.