Ku Tambayi Malamin Gona: Dillalai na cinye min ribar kiwo

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ƙaramin manomi ne a wajen Dengi, duk shekara ina turke bijimai biyu ko uku, in sha wahalar dusa da harawa wata huɗu, amma in na kai kasuwa sai dillalai su zagaye ni, wannan ya taya wancan ya karya, ƙarshe in dawo gida ko kuɗin dusa bai gama fita ba. Shin in ɗauki mota in kai Kara ta Bukuru da kaina, ko ma Dei-Dei a Abuja? Daga mai karatu, Kanam.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya da bijimi biyu kar ka ɗauki mota zuwa Dei-Dei, kuɗin mota da harajin hanya da ramar da dabba za ta yi a tafiya sun isa su cinye ɗan bambancin farashin, kuma can ma dillali za ka tarar yana jiranka. Bukuru dai da dama-dama, amma fa sai in ku biyar ko shida kun haɗa shanunku kun cika mota ɗaya kun raba kuɗin.

Abin da ya fi cutar ka shi ne kana shiga kara ba ka san nauyin sanka ba, su kuwa mahauta da ido kawai suke sanin naman da zai bayar. To ka nemi tef ɗin tela. Ka auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duk da santimita. Ka ninka awon ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840, kalkuletar waya ma ta isa. Misali ƙirji 170, tsawo 130, zai ba ka wajen kilo 347. Kusan rabin wannan ne nama da ƙashi, ban da kai da ƙafa da kayan ciki da fata. Sai ka tambayi nawa mahautan Jos ke sayar da kilo a satin, ka yi lissafinka tun a gida, wallahi in dillali ya ji ka kira kilo yadda yake maka magana ma sai ya canza.

La'ada kuma ku yanke ta kafin ka miƙa masa igiya, kuma ka tsaya a wurin har a ce an sallama, ka ji kuɗin da kunnenka. Ban ce duk dillalai macuta ba ne, akwai na Allah, kuma su suka san fataken da ke loda tirela zuwa Legas.

Sai lokaci. Da yawanmu sai damina ta faɗi ana neman kuɗin taki ake fito da shanu, kowa a matse, dole farashi ya karye. Ka saya lokacin, ka auna turkenka ya ƙare daf da Babbar Sallah ko Disamba, don a Filato cinikin Kirsimeti ba wasa ba ne. Kuma ka yi musu rigakafin ciwon huhu da wuri, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a kusa da mu tun 1924 kuma can ake haɗa allurar, malamin dabbobin ƙaramar hukumarku zai nuna maka yadda ake samu. Tari ɗaya sa ya yi a kara, dillali ya samu hujjar zaftare maka kuɗi.