Wai Ina Kuɗin Man United Suke Tafiya, Kuma Laifin Wa Ne?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan Man United ne tun zamanin su Rooney, amma wallahi yanzu tura ta kai bango, gidan kallo ma na daina zuwa saboda tsiyar 'yan Arsenal. Kakar 2024/25 na 15 muka ƙare, Tottenham ta cinye mu a wasan ƙarshe na Europa, sai ga shi a farkon kakar 2025/26 wai ƙaramar ƙungiya Grimsby ce ta yi waje da mu a kofin Carabao. Ni a ganina masu kulob ɗin nan marowata ne kawai, Glazer da Ratcliffe duk kanwar ja ce, sun ƙi fito da kuɗi a sayo irin su Osimhen. Shi kuma koci Amorim me aka tsaya jira da ba a kore shi tun da wuri ba? Don Allah a warware min. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, Allah ya ba da haƙuri, duk wanda ya kalli wasan Grimsby ɗin nan har zuwa fenareti ya san ba banza kake ƙorafi ba. Amma maganarka ta rowa ita zan tsaya a kai, domin ita ce nake sha kullum a majalisa da WhatsApp, kuma ita ce take sa magoya baya su dinga neman a ƙara musu ainihin abin da ya kwantar da kulob ɗin.

Man United ba ta taɓa rowar sayen 'yan wasa ba. Pogba fam miliyan 89 a 2016, ya tafi kyauta a 2022. Maguire miliyan 80. Sancho miliyan 73. Antony miliyan 80 da ɗoriya. A bazarar 2025 kaɗai an sayo Cunha da Mbeumo da Sesko da mai tsaron raga Lammens, kuɗin ya haura miliyan 200. To ina rowar take? Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne kuɗin nan ba daga aljihun Glazer suke fitowa ba, ba su taɓa fitowa daga can ba, kuɗin kulob ne na tikiti da talla da haƙƙin nuna wasa a talabijin, wanda a shekara yana wuce fam miliyan 650, in bai isa ba a ci bashi da sunan kulob. Kai kana tunanin akwai wani Alhaji da yake zaune da jakar kuɗi ya ƙi buɗewa, alhali babu ranar da jakarsa ta shigo cikin lissafin.

Kuma ba sau ɗaya ake biyan kuɗin ɗan wasa ba, nan ne ma mutane suka fi ɓata. Abu biyu ne suke tafiya tare. Na farko tsabar kuɗin da ake ba kulob ɗin da ya sayar, yawanci kashi-kashi ake biya cikin shekaru. Na biyu yadda ake rubuta shi a littafin lissafi, ana raba farashin ne a kan shekarun kwantiragi. Ɗauki Antony, shekara 5 ya sa hannu a 2022, wato duk shekara kusan miliyan 16 zuwa 17 ne suke hawa kan littafi, ko ya ci ƙwallo ko yana benci ko an ba da shi aro, ban da albashinsa na kowane sati. Kamar mutum ne ya karɓi adaidaita sahu bashi yana biyan balas, injin ya buga tun wata na uku, mashin na jingine a bango amma duk sati sai ya kai kuɗi. Da aka zo sayar wa Real Betis shi a 2025, kusan Yuro miliyan 25 aka samu, bai ma kai ragowar kuɗinsa da ke kan littafi ba, wato an rabu da shi kuma an rubuta asara. Shi kansa Ratcliffe a hirar da ya yi a watan Maris na 2025 ya lissafo Antony da Casemiro da Onana da Hojlund da Sancho a matsayin waɗanda har lokacin ake kan biyan kuɗinsu. Saboda haka duk sanda ka ce a sayo wani na miliyan 70, ka sani a kan tsohon bashi za a ɗora shi.

Sannan ga dokar PSR ta Firimiya mai taƙaita asarar kulob, wadda har kakar 2025/26 ta ce kada asarar kulob ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, bayan an cire abubuwa irin su kuɗin makarantar matasa da gine-gine da ƙungiyar mata. Ba wasa ake da ita ba, Everton an zaftare mata maki sau biyu a kakar 2023/24, Nottingham Forest maki 4. United kuwa a shekarar 2023/24 kaɗai ta rubuta asarar miliyan 113. Ko da a ce Ratcliffe ya tashi da safe ya ga dama ya zuba biliyan ɗaya a kasuwar 'yan wasa, doka ba za ta bar shi ba. Wannan ne kuma ya sa ake sayar da yaran da kulob ya raina da kansa, tunda ba a saye su ba duk abin da aka samu riba ce tsantsa a littafi. McTominay haka ya tafi Napoli a kan kusan miliyan 25, ya je ya ɗau kofin Serie A na Italiya har aka zaɓe shi gwarzon gasar, mu kuma muna nan muna neman ɗan tsakiya.

Abin da yake ƙona min rai shi ne shafukan nan na Facebook da TikTok masu ɗora hoton ɗan wasa sanye da jar riga da aka haɗa a waya, a rubuta an gama ciniki, wani ma ya manna hoton Fabrizio Romano, ɗan jaridar da ya shahara a labaran cinikin 'yan wasa, a gefe don a yarda. Yaro ya kwana yana murna, kasuwa ta rufe ba a sayi kowa ba, washegari ya tashi yana zagin masu kulob sun hana kuɗi a cinikin da ba a taɓa farawa ba. Masu shafin sun samu mabiya sun wuce abinsu. Osimhen da kake magana Galatasaray ta biya Yuro miliyan 75, ga albashi mai nauyi a lokacin da United take fafutukar rage na su Rashford da Sancho daga wuyanta. Ni ma na so ya zo, ɗan Najeriya ne kuma ya iya cin ƙwallo, amma son rai daban lissafi daban.

Kada ka ɗauka ina wanke Glazer ne, laifinsu ya ma fi rowa muni. A 2005 suka sayi kulob ɗin a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin rance ne, suka juya suka ɗora wa kulob ɗin da ba a bin sa bashi a da. Shekara 20 ana biyan kuɗin ruwa kuma har zuwa 2025 akwai dala miliyan 650 na bashin da yake nan zaune, an kuma yi shekaru suna raba wa kansu ribar hannun jari. A watan Mayun 2024 ranar wasa da Arsenal kowa ya ga ruwan sama yana kwararowa daga rufin Old Trafford yana bin kujeru. Sannan suka damƙa harkar saye a hannun Ed Woodward, mutumin banki, ya iya kawo talla amma ginin tawaga ba fanninsa ba ne. Brighton ta ɗauko Caicedo daga Ekwado a kan abin da bai kai miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea miliyan 115. Wannan ido ne da tsari, su ne United ta rasa.

Ratcliffe ba na haɗa shi da su kai tsaye, shi ya sa kuɗinsa, ya sayi kusan kashi 28 a farkon 2024 kuma ya zuba dala miliyan 300. Amma shi ma ya tafka tasa. An ƙara wa koci Ten Hag kwantiragi bayan ya ci kofin FA na 2024, aka saya masa 'yan wasa na kusan miliyan 200, a watan Oktoba aka kore shi. Dan Ashworth wata biyar ya yi a kujerar daraktan wasanni. Sallamar su biyun da mataimaka ta ci miliyan 14.5, a daidai lokacin da ake korar ƙananan ma'aikata 250 ana kuma kai tikiti fam 66 har ga yara da tsofaffi. Wannan kam ko ni ba zan kare shi ba.

Maganar Amorim gajeruwa ce. Ya yi taurin kai a kan tsarinsa na 'yan baya uku, kuma sakamakonsa a Firimiya ba abin da za a yi tutiya da shi ba ne, da aka kore shi a Janairun 2026 ban ce an zalunce shi ba. Sai dai ka lissafa, Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, kowanne an saya masa nasa 'yan wasan, aka kore shi aka bar wa na baya kayan da bai nema ba. Duk kocin da aka sallama sai an biya shi da mataimakansa, a biya kulob ɗin da za a ɗauko sabon, sabon kuma ya zo ya ce 'yan baya huɗu yake so a sake masa sayayya, duk a kan littafin da na gama ba ka labari.

In kana son sanin ko za a sayi wani a kasuwa mai zuwa, bar shafukan can. United tana kasuwar hannun jari ta New York tun 2012, duk wata uku tana fitar da rahoton kuɗinta kowa ya gani. Duba layin albashi da layin bashin da sauran kulob-kulob suke bin ta na 'yan wasa, sannan ka sa ido a kan wanda aka samu aka sayar tukuna.